Wa'adin da Aka Ba Ƙanina a Guangzhou

Lahadi, 18 ga Oktoba, 1998

Na iso Guangzhou lafiya. Abdulhakeem bai zo tashar jirgin ƙasa ya tare ni ba, alhali sau biyu ina rubuto masa rana da lokaci. Awa biyu ina tsaye da jakar kuka da yaji da daddawar da Inna ta ƙulla masa, 'yan China suna wucewa suna toshe hanci. Daga ƙarshe Alhaji Ɗantani, wanda muke haɗa kwantena da shi, shi ya gan ni ya kawo ni masauki a Huanshi Lu.

Yaron da na goya a bayana har ya yi wayo. Shekara huɗu yana karatun injiniya ya fara ganin kansa. Gobe zai ji bakina.

Litinin, 19 ga Oktoba

Na je makarantarsu. Mai gadin ɗakunan baƙin ɗalibai ya dubi hoton da na nuna masa ya ce "mei you", wato babu, ya ja tagarsa ya rufe. Ina nan tsaye sai ga wani dogo, baƙi, ya durƙusa ya gaishe ni, wai "Yaya Saude, sannu da hanya." Sunansa Illa, mutumin Damagaram, aikin gona yake karanta. Ya ce Abdulhakeem ya bar makaranta wata guda ke nan, ba shi da lafiya, in zo ya kai ni.

Wani lungu a bayan unguwar Xiaobei, bene hawa bakwai, da ƙafa. Da ya buɗe ƙofa ban gane ƙanina ba. Wuya kamar mariƙin lema, leɓe duk ya farfashe, tari ba ya barinsa ya kai ƙarshen magana. Ya ce zazzaɓi ne ya daɗe. Na yi ta faɗa a kan rashin rubuto wa gida. Ya sunkuyar da kai.

Gado ɗaya ne a ɗakin, matasan kai biyu. Ban kawo komai a raina ba sai da na dawo.

Talata, 20 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san ta inda zan rubuta ba. Da safe na koma da niyyar in kai shi wani asibitin. Ya ce Illa ya ɗan ba mu wuri. Sai ya ciro takarda daga cikin littafi, rubutun China da hatimi ja, ya ce a watan jiya asibiti suka ɗebi jininsa, suka sanar da makaranta, makaranta ta sanar da hukuma. An soke izinin zamansa. An ba shi zuwa shida ga watan gobe ya bar ƙasar.

Na ce a kan zazzaɓi ake korar mutum?

"Yaya, ƙanjamau gare ni."

Na zauna a kan akwatinsa. Da na samu bakin magana na tambaye shi wace 'yar iska ce, 'yar nan ce ko 'yar gida. Wallahi a lokacin har na fara shirya yadda zan rufa masa asiri, in ce kuskuren ƙuruciya ne. Ya ɗago kai ya ce:

"Ba mace ba ce, Yaya. Ni ban taɓa neman mace ba."

Na dubi gadon. Na dubi ƙofar da Illa ya fita. Bai musa ba.

Abin da na faɗa masa ba duka zan iya tunawa ba. Na san na ce ya kashe Baba da ransa. Na san na ce da gawarsa aka kira ni in ɗauka da ya fi mini sauƙi. Hawaye kawai yake yi. Na sauko benen nan bakwai ban san na sauko ba. Na wanke hannuna a masauki har sau uku, ni da ko taɓa shi ban yi ba.

Laraba, 21 ga Oktoba

Ban je ba. Ba kuma zan je ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Kasuwar Liwan tun safe, zaɓen yadi. Na yi wa wani laoban, wato mai shago, tijara a kan shuɗin da ya ɗan fi samfurina haske, har matarsa ta fito tana ba ni shayi. Bawan Allah bai yi mini komai ba.

Duk yinin Baba nake gani. Shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa, ya yi ritaya, yanzu shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarmu a Fagge. Ba ya haɗuwa da mutum bai ce masa ɗansa na ƙasar Sin yana karatun lantarki ba. Hoton da Abdulhakeem ya aiko, wanda yake sanye da farar hular ma'aikata, yana manne a zaure. Ni da na bar karatu a aji biyar na sakandare na kama kasuwa, ba a taɓa manna hotona a ko'ina ba. Ban ji haushi ba a lokacin, na ce namiji ne, shi zai ɗaga gidan. Ga ɗagawar.

Da yamma Illa ya zo masauki. Na bar shi a tsaye a ƙasa. Ya ce ba don kansa ya zo ba, Abdulhakeem ba zai iya tafiya shi kaɗai ba, kuma kwana biyu ke nan ya ƙi cin komai. Shi Illa "sida" yake ce wa cutar, irin na mutanen Nijar. Na ce ai kai ka shafa masa, ka je ka ji da shi. Ya ce an gwada shi sau biyu, ba shi da ita. Na ce Allah ya isa duk da haka. Ya ce ya ji, ya juya.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Na je, amma don saƙon Inna kawai. Amana ce, ba zan mayar mata da kukarta Kano ba.

Na same su suna kallon talabijin. Tashar Hong Kong ce ta Turanci, tana kamawa a nan. Wai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa ake maimaitawa, Talata da Juma'a ƙarfe huɗu. Abdulhakeem ya ce an yi shi tun farkon fitowar cutar, lokacin da ba wanda ke yarda ya ambaci sunanta a talabijin. Na ajiye jaka zan fita ya ce, "Yaya, don Allah ki tsaya ki gani, ko minti goma." Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina.

Labarin wani mai gidan burodi ne a ƙaramin gari, matarsa ta mutu, 'ya'yansa maza biyu. Ƙaramin ya tafi birni yana koyar da kiɗa, ya dawo a rame. Irin Abdulhakeem ne, ta duka fuska biyun. A na yau ya faɗa wa uban a gaban tanda. Uban ya ɗauki ƙullin fulawar da yaron ya taɓa ya zuba a shara.

Na ce to, ko Bature ya san abin kunya. Na fito.

Abin da ya fi ba ni haushi, wai ni za a koya wa hankali da talabijin.

Asabar, 24 ga Oktoba

Ɗantani ya tambaye ni ina injiniya, bai gan shi a masallaci ba jiya. Na ce jarrabawa. Ya yi wani murmushi da ban so ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Na kaɗa miyar kuka a kicin ɗin masauki, na tuƙa tuwon shinkafa, na kai. Ba don shi ba. Idan ya faɗi a hanya ni zan sha wahalar ɗaukarsa.

Loma biyar ya yi. Bakinsa a ciki fari fat kamar an shafa alli, haɗiya sai da dabara.

Na tambaye shi wanene ya shafa masa. Ya ce ba a nan ba ne, da ya shigo ƙasar an gwada shi lafiya lau. A Kano ne, hutun da ya je shekara uku da suka wuce. Mutum ne babba, da iyali, tun yana sakandare ya san shi. Na ce sunansa. Ya ƙi. Ya ce na san shi, shi ya sa ba zai faɗa ba. Na ce matarsa fa, baiwar Allah tana can ba ta san abin da ake ciki ba? Ya ce ya rubuta wa mutumin wasiƙa tun ranar da ya ji sakamako, ya roƙe shi ya je a gwada su su biyu. Ba amsa.

Tun da na dawo nake jera mutanen da ke zama a zauren Baba bayan la'asar. Kowanne da carbinsa. Ɗaya daga cikinsu, ko wani mai kama da su, zai ji labari ya ce subhanallahi da ƙarfi fiye da kowa. Wannan ya hana ni cin abinci.

Talata, 27 ga Oktoba

Huangpu da safe, duba kaya a sito. Daga can na wuce wajensa, sai na faɗa a kan lokacin wasan nan. Ba lissafa shi na yi ba.

Yau wan ne ya zo. Ya hana 'ya'yansa shiga gidan, ya tsaya a ƙofa yana ihu cewa ba wanda zai ƙara sayen burodinsu. Haka kuwa aka yi, aka nuna shagon wayam, burodi yana bushewa a kanta. Sai kiɗa mai taushi ya taso, kowa ya yi kuka mai tsafta, ba majina.

Na ce musu ƙarya ce. Su can ba wanda ya ba yaron kwana goma sha ya tattara ya bar ƙasa. Yana da asibiti mai labule, likita har dafa kafaɗarsa yake. Ba shi da ƙanwar da aka sa wa rana kamar Ummu Salma, da dangin miji za su iya fasawa. Idan ya mutu ba wanda zai tsaya yana tambayar wa zai wanke shi, wa zai sallace shi. Na faɗi wannan kafin in ji nauyinsa.

Abdulhakeem ya ce shi ba don ya yarda da wasan yake kallo ba. Shekararsa ashirin da shida, wannan ne karo na farko da ya ga an nuna irinsa ana kiransa da sunansa, ba ana dariya ba.

Na ce ba abin alfahari ba ne. Ya ce bai ce shi ne ba. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha uku yake roƙon Allah ya cire masa, har azumin Litinin da Alhamis ya riƙa yi a kai. Na tuna azumin. Inna har yabonsa take yi a gaban baƙi. Ni nake ajiye masa kunu.

Laraba, 28 ga Oktoba

Ban ce abin da ya yi daidai ba ne. Ba zan taɓa cewa ba. Na san abin da addinina ya ce.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Na shiga ba sallama mai ƙarfi, na tarar Illa ya naɗe auduga a tsinke yana goge masa baki da ruwan gishiri, a hankali, yana ba shi labarin wani malaminsu da akuya ta cinye wa shukar gwaji. Bokiti a gefe, zanin gadon da ya ɓata a ciki, an jiƙa. Wata guda ke nan yana haka, yana zuwa aji da safe ya dawo ya yi wanki. Ni ban taɓa ɗaukar ko kofinsa ba.

Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Ba shi da hurumin yin abin da ni ya kamata in yi. Na karɓe bokitin na shiga banɗaki, na sa leda a hannu biyu na wanke. Illa ya leƙo ya ce likita ya ce ba a ɗauka ta wanki, sai jini. Na ce ban tambaye shi ba.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Ya nace sai ya je masallaci, wai Juma'arsa ta ƙarshe a garin. Illa ya kai shi a tasi. Ƙarfe uku suka dawo, fuskar Illa kamar zai fashe.

Da suka tsaya a sahu, mutanenmu na Kano da ke gefensa suka janye ɗaya bayan ɗaya suka koma baya. Aka bar masa fili hagu da dama kamar mai kuturta. Wani tsoho ɗan China mai farar hula, da bai san komai ba, shi ya matso ya cike gurbin, ya haɗa kafaɗa da shi. Bayan sallama ba wanda ya ba shi hannu. Mutanen da yake yi wa tafinta a banza a kasuwa shekara da shekaru, yana bin su asibiti, yana rubuta musu adireshi da rubutun China. Wani ɗalibi ne ya ji a ofishin makaranta ya kai wa Ɗantani. Ɗantani kuwa rediyo ne.

Abdulhakeem ya ce ba komai. Ni wannan "ba komai" ɗin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Ka yi fushi mana, ɗan'uwa.

Ba su kunna wasan ba yau. Ni na ce a kunna, shirun ya yi yawa. Uban ya kwana biyu bai yi wa yaron magana ba, amma da yaron ya faɗi a matakala ya ɗauke shi ya kai gado, ya fita ba tare da ya dube shi ba. Tsohon ya iya wasa, wannan kam ba zan hana shi ba.

Asabar, 31 ga Oktoba

Na je sito a Huangpu na tarar an fito da dilolina goma sha biyu an jingine a waje. Ɗantani ya ce wuri ne ya ƙare a kwantenar. Na leƙa, ga wuri nan har mutum ya yi shimfiɗa. Sai ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, wai sauran 'yan kasuwa ne ba su saki jiki ba, tunda ina shiga ɗakin yaron, kuma kaya na mutane ne, sawa za a yi a jiki.

Na ce, "Alhaji, yadi ba ya ɗaukar ƙanjamau. Mutum ke ɗauka, kuma ba a goshi ake rubutawa ba. Da ana gwada duk mai shigowa garin nan da jakar kuɗi, da sahun masallacin jiya bai cika biyu ba."

Ya ce in iya bakina. Sannan ya ce dama ya buga waya Kano tun shekaranjiya ya sanar da Malam, wato Baba, don ya sauke nauyi, bai kamata dattijo ya ji a bakin duniya ba.

Ya sauke nauyi. Kwana goma ina juya yadda zan shigar da maganar a hankali, in fara da Inna, in ce ciwon huhu ne tukuna. Ɗantani ya yi ta a minti uku, kuma na tabbata a wayar wani shago a kasuwar Kwari ya yi, mutane suna ji.

Ban san lokacin da na ce masa munafuki a gaban 'yan dako ba. Shekara shida muna haɗa kaya. Ta ƙare.

Illa ne ya samo mini wuri a kwantenar wata Hajiya Habsatou 'yar Maraɗi, za a sauke a Kwatano. Ta ji labarin duka, ta ce a loda. Yanzu kuma ga ni da godiyar Illa a wuya. Ban yi masa ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Na buga gidan Alhaji Maidaji maƙwabcinmu, ƙarfe huɗu a nan, tara na safe a can, na ce a kira mini Baba.

Ya zo. Bai amsa gaisuwata ba. Ya tambaya ko abin da aka faɗa gaskiya ne, duka biyun. Na ce gaskiya ne. Na ji numfashinsa a wayar. Ya ce jiya bai iya fita sallar asuba ba, karo na farko tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce ya cire hoton.

"Kada ki kawo mini shi gida. Ɗa namiji guda na haifa, sunansa Alhasan."

Wato ɗayan ɗan'uwanmu, ya cire Abdulhakeem daga lissafi. Na ce Baba, ba shi da inda za shi, kora aka yi masa. Ya ce ƙasar Allah da faɗi. Na ce Baba, mutuwa zai yi. Ya ce kowa ma zai mutu. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ɗaga masa murya. Na ce lokacin da ake cewa ɗan Malam Badamasi injiniya, naka ne, yanzu da ya zama kashi da fata ya zama na ƙasar Allah? Ya ajiye kan wayar a tebur, na ji tafiyarsa.

Ban kashe ba. Can sai na ji an ɗauka, Inna ce, tana raɗa kamar ɓarauniya. Ba ta tambayi komai a kan abin ba. Ta ce yana cin abinci? Kukar ta isa? Ta ce in sa masa rigar sanyi a jirgi, tun yana ƙarami sanyi ke kama masa ƙirji. Sai layin ya yanke.

Na tsaya a shagon wayar ina kuka, mai shagon yana miƙo mini takardar goge fuska yana kallon bango.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Ina jin haushin Baba. Ina jin haushin Abdulhakeem da ya sa na yi wa Baba tsawa. Wa ya rage ban ji haushinsa ba?

Talata, 3 ga Nuwamba

Ya tambaye ni me Baba ya ce. Na ce ya ce Allah ya sawwaƙe, mu iso lafiya. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ba ki iya ƙarya ba, hancinki ke buɗewa." Sai ya ce ya riga ya yi tunani, in mun sauka Legas in bar shi a can, akwai wani ɗan ajinsu a Agege, kada ya ɓata wa Ummu Salma aurenta, kada kuma a ƙaurace wa shagona. Ya tsara komai, har abin da zan ce wa Inna.

Na ce masa shi dai ya iya yanke wa mutane hukunci ba shawara. Ya ɓoye ciwo wata guda, ya ɓoye kansa shekara goma sha uku, yanzu kuma zai ɓoye mutuwarsa a Agege. Na ce ni ba 'yar aikensa ba ce da zan ajiye shi a tasha kamar kaya. Har na gama faɗan ban ce ga inda za shi ba, don ni ma ban sani ba.

Wasan yau: an kai yaron asibiti. Uban ya zo har bakin ƙofar ɗakin da burodi a takarda, ya tsaya, ya tsaya, ya ba ma'aikaciyar jinya ya juya. A nan aka yanke. Na ƙarshe sai Juma'a, mu kuwa Alhamis za mu tashi. Abdulhakeem ya ce uban zai shiga, ai haka suke ƙare wasanninsu. Na ce ba zai shiga ba, na san irin tsofaffin nan. Muka yi ta musu kamar muna gida. Har ya yi dariya, tari ya biyo.

Illa ya raka ni ƙasa ya ce yana so ya bi mu Kano, ko sati biyu, zai ajiye karatun. Na ce idan ya taka Fagge jifansa za a yi, kuma ni zan fara. Ya ce ya sani. Ya ce to in riƙa juya Abdulhakeem in ya daɗe a kwance, bayansa ya fara ciwo, kuma ba ya faɗa.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Ofishin hukuma, karɓar fasfo. Jami'in ya sa safar roba kafin ya taɓa takardunsa, ya buga hatimi, ya turo fasfon da bakin biro. Abdulhakeem ya ce masa xiexie. Godiya! Na fizgi fasfon na ce wa mutumin da Hausa abin da ba zan rubuta a nan ba. Abdulhakeem ya ƙi fassarawa.

Littattafansa sun fi kayan sawarsa nauyi. Ya ce a bar su. Na zuba su a jakata, in ya so a biya kuɗin kaya.

Na sake buga waya Kano, ba Fagge ba, gidana na Rijiyar Lemo. 'Yata Balki ta ɗauka. Ta girma yarinyar nan, tun rasuwar babanta ita ke riƙe gidan in na yi tafiya. Ta riga ta ji a makaranta. Ta tambaya ko gaskiya ne Kawu zai mutu. Na ce ta bar tambaya ta saurari abin da zan sa ta.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

A filin jirgin Hong Kong nake rubutu, saura awa uku.

Illa ya kai mu tashar jirgin ƙasa. Ba wani daga cikin mutanenmu da ya zo. Su biyun suka tsaya suna fuskantar juna, ba wanda ya taɓa wani, saboda ni. Na ce zan je neman ruwan sha. Na daɗe ban samu ba, layi ne.

Da na dawo idon Illa ya yi ja. Na yagi takarda na rubuta masa lambar akwatin gidan waya na shagona, na ce ya rubuto ya faɗa mini ko tsohon mai burodin ya shiga ɗakin, don kada Abdulhakeem ya ci musu a banza. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na gode, Yaya." Ban hana shi ce mini Yaya ba, jirgi na shirin tashi.

A jirgin ƙasa barci ya kwashe Abdulhakeem, kansa ya faɗo kafaɗata. Ba nauyi ko kaɗan. Wata mata a kujerar gaba ta yi ta kallon ƙurajen wuyansa, na zuba mata ido har ta sauya wuri. Hannuna ya yi tsami tun daga Shenzhen, na bar shi.

Har yanzu ina cike da shi. In ya samu ƙarfi akwai maganganu da yawa da zai ji.

Ɗazu ya farka ya tambaye ni ina za mu sauka in mun isa Kano. Na ce ya cika tambaya, ya sha maganinsa. Na dai ce wa Balki ta share ɗakin da ke jikin nawa, ta shanya katifa, ta sa sabon labule. Wancan dama ya tsufa.